Rage Shara a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa duk lokacin da aka tayar da zancen rage shara da tattalin kayan gida. Wasu amsoshin gajeru ne. Wasu kuma sai an zauna a kansu, musamman na abinci, domin a nan ɓarna ta fi yawa, kuma a nan gyara ya fi sauƙi.

Ina son in rage shara, amma daga ina zan fara?

Daga kwandon sharar gidanku. Kafin ku sayi wani abu ko ku sauya wani tsari, ku ɗauki mako guda kuna lura da abin da ke shiga cikinsa. Ba sai an zazzage shi ana tonawa ba. Duk lokacin da hannu ya kai ga zubar da abu, a tambayi kai ta yaya abin ya shigo gidan tun farko. Za ku ga abubuwa uku ko huɗu ne ke ta maimaituwa, kuma su ne aikinku na farko.

A mafi yawan gidaje abin da zai fito a kan gaba shi ne abinci. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa garuruwan duniya na tara shara tan biliyan 2.01 a shekara, kuma idan aka ci gaba a haka za ta kai tan biliyan 3.4 a 2050. Kashi 44 cikin 100 na wannan tulin ragowar abinci ne da ganyayyaki. Takarda da kwali kashi 17 ne, roba kuwa kashi 12. Leda ta fi ɗaukar ido saboda iska na yawo da ita a titi, amma a kan sikeli abinci ne ya rinjaya.

Ai abinci ruɓewa yake yi ya koma ƙasa. Mene ne abin damuwa a ciki?

Ya danganta da inda ya ruɓe. Ɓawon ayaba da aka jefa a gindin bishiya yana samun iska, ƙananan halittu su cinye shi ya zama taki. Wanda aka ɗaure a leda aka kai juji, aka danne shi da wata sharar, ba ya samun iska. A wannan hali ruɓewarsa na fitar da iskar metan, wadda a cikin shekaru 20 na farko take riƙe zafi kusan ninki 80 na iskar kabon.

Wannan ma ƙaramar asarar ce. Babbar ita ce duk abin da aka kashe kafin abincin ya iso faranti: ruwan ban ruwa, takin zamani, man da mota ta sha, wutar da ta sanyaya shi, da gumin manomi. Idan aka zubar da abincin, an zubar da su gaba ɗaya. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito, ba daga otal-otal ko kantuna ba. Idan aka raba na gidajen kaɗai, kowane mutum ya zubar da kimanin kilo 79 a shekara. A wannan shekarar dai mutum miliyan 783 ke fama da yunwa. Wani abin lura a rahoton shi ne ba ƙasashe masu arziki kaɗai ke wannan ɓarna ba. Tazarar da ke tsakaninsu da masu matsakaicin ƙarfi ba ta da yawa.

To yaya ake rage zubar da abinci a aikace?

Rabin aikin ana yin sa ne kafin a fita sayayya. A buɗe firiji da ma'ajiyar abinci a ga abin da ke akwai, a tsara girkin kwanaki uku ko huɗu, sannan a rubuta abin da ya rage a sayo. Sayen abu da yawa don an samu rangwame yana da amfani ga abin da ke jure ajiya, kamar hatsi da busasshen wake da sabulu. Ga kayan lambu da 'ya'yan itace kuwa, sau da yawa rangwamen a kwandon shara yake ƙarewa.

Sai ajiya. Sabon abu ya koma baya, tsoho ya dawo gaba inda ido zai gan shi, domin abin da ya ɓuya a lungun firiji shi ne ke lalacewa. Ayaba da tuffa da tumatir suna fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke hanzarta nunar duk abin da ke kusa da su, don haka a raba su da ganyayyaki. Dankalin Turawa da albasa kowanne na son wuri mai duhu, mai sanyi, mai shan iska, amma ba sa zama tare. Idan aka haɗa su suna saurin lalata juna. Dankalin Turawan da haske ya daɗe yana dukansa yakan yi kore, kuma wannan koren alama ce ta wani guba mai suna solanin, sai a fere shi sosai ko a zubar idan ya yi yawa. Ganye kuwa kada a wanke shi sai za a yi amfani da shi, domin laima ce ke ruɓar da shi.

Firiji ya kamata ya tsaya a digiri 4 zuwa 5 na ma'aunin Salshiyas, ɓangaren ƙanƙara kuma a digiri 18 ƙasa da sifili. Dafaffen abinci kada ya wuce sa'o'i biyu a waje kafin a saka shi, a kuma cinye shi cikin kwana uku zuwa huɗu. Idan an san ba za a kai gare shi ba, a daskarar da shi tun ranar farko, a rarraba a ƙananan mazubai, a rubuta kwanan wata a jiki. Shinkafa na buƙatar kulawa ta musamman: akwai ƙwayar cutar da ke tsira daga dahuwa, idan shinkafar ta daɗe a waje da ɗumi sai ta yaɗu ta bar guba wanda ɗumamawa ba ta kashe shi. Tattali ba ya nufin a ci abin da zai kwantar da mutum.

Wanda ba shi da firiji, ko wutarsa ba ta tsayawa, dabararsa ita ce sayen kaɗan-kaɗan, dafa daidai ciki, da shanya abin da ya yi yawa. Busarwa da gishiri sun riga firiji zuwa duniya da dubban shekaru, kuma har yau suna aiki.

Abu na ƙarshe shi ne awo. Yawancin masu girki da ido suke aunawa, kuma ido kan ƙara saboda tsoron kada abinci ya gaza. A samu kofi guda a san adadin da ke ƙosar da mutum ɗaya. A wurin zubawa ma a fara da kaɗan, musamman ga yara. Abin da ya rage a tukunya ana iya ajiye shi, wanda aka jagwalgwala a faranti kuwa ya tafi ke nan.

Idan ranar da aka buga a jikin kaya ta wuce, dole a zubar?

Ba kullum ba, domin ranakun iri biyu ne. Akwai wadda ke nufin inganci, wato bayan ta ɗanɗano ko ƙamshi na iya raguwa amma abin bai zama haɗari ba. Ita ake gani a jikin taliya, biskit, shinkafa da kayan gwangwani. Akwai kuma wadda ke nufin lafiya, da ake sa wa nama, kifi, madarar ruwa da makamantansu. Wannan ta biyun ba a wasa da ita, ko da abin bai yi wari ba. Ruɗanin da ke tsakanin biyun ya sa a 2022 wasu manyan kantunan Birtaniya suka cire ranar inganci daga jikin ɗanyun kayan lambu da 'ya'yan itace, don mutane su koma duba abin da idonsu.

Gwangwanin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa har ya huje, a zubar da shi komai nisan ranar da ke jikinsa.

Ina son yin taki da sharar kicin, amma ina gudun wari da ɓeraye.

Takin da aka haɗa daidai ba ya wari. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi. Sirrin shi ne haɗa iri biyu. Akwai ɗanyen kaya: ɓawon kayan lambu da na 'ya'yan itace, ganyen shayi, ɗanyar ciyawa. Akwai busasshen kaya: busasshen ganye, yagaggen kwali, garin katako, kara. A zuba busasshe kashi biyu ko uku a kan ɗanye kashi ɗaya, kuma duk lokacin da aka ƙara ɗanye a rufe shi da busasshe. Laimar ta zama kamar ta soson da aka matse, ba jagab ba, ba kuma ƙarau ba. A riƙa juyawa sau ɗaya a mako ko mako biyu don iska ta shiga.

Idan ya fara wari, ruwa ya yi yawa ko ɗanye ya rinjaya, sai a ƙara busasshe a juya. Idan ya zauna ba ya sauyawa, ya bushe ne, sai a yayyafa ruwa. Babban tuli da ke aiki sosai yakan yi zafi a tsakiya har digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da yawa. Ɓeraye da ƙudaje kuwa nama, ƙashi, mai da madara ne ke kiransu, don haka waɗannan ba sa shiga. Kashin kare da na kyanwa ma ba sa shiga. Cikin wata biyu zuwa shida, gwargwadon zafin gari da yawan juyawa, za a samu baƙin taki mai laushi.

Wanda ba shi da fili zai iya yi a bokiti mai murfi da aka huda wa ramuka, ko ya tara ya ba mai lambu ko mai kiwo.

Idan ina ware roba don a sake sarrafa ta, ai na sauke nauyi ko?

An sauke wani ɓangare, amma ƙarami. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe masu ci gaba, OECD, ta ce a 2019 duniya ta samar da sharar roba tan miliyan 353, kuma kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa. Sauran an binne, ko an ƙona, ko ya watsu a ƙasa da ruwa. Dalilin shi ne roba ba iri ɗaya ba ce. Lambobin 1 zuwa 7 da ake gani cikin ƙaramar alama a gindin mazubi, waɗanda masana'antun roba na Amurka suka ɓullo da su a 1988, suna nuna irin robar ne kawai, ba alkawari ba ne cewa wani zai karɓa. Lamba 1, ta gorar ruwa da lemo, da lamba 2, ta jarka da robar sabulun ruwa, su ne ke da kasuwa kusan ko'ina. Sauran da wuya. Fakitin da aka manna roba da takarda da ƙarfe wuri guda kuwa kusan ba shi da mafita. Ko wadda ake sarrafawar, ingancinta raguwa yake yi a kowane zagaye.

Ƙarfe da kwalba labarinsu daban ne. Ana narka su a sake ƙerawa ba tare da sun rage daraja ba, kuma narka tsohon gwangwanin alminiyam na cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen yin sabo daga ma'adini. Shi ya sa masu sayen kayan bola ba sa barin sa a ƙasa.

Don haka a ware, a ɗauraye, a bar shi ya bushe, domin kwalin da mai ya jiƙa ko gorar da ke da ragowar abinci na iya ɓata sauran. Amma a san cewa wannan matakin ƙarshe ne. Wanda ya fi shi shi ne sake amfani da abin, wanda ya fi duka kuma shi ne kada abin ya shigo gidan.

Jakar yadi ta fi leda, ko ba haka ba?

Ta fi ta idan an yi ta amfani da ita. Auduga na shan ruwa da taki da makamashi kafin ta zama jaka. Wani bincike da hukumar muhalli ta Ingila ta wallafa a 2011 ya nuna sai an yi amfani da jakar auduga sau 131 kafin tasirinta ga ɗumamar yanayi ya yi ƙasa da na leda mai amfani sau ɗaya. Wanda ya tara jakunkunan yadi goma a bayan ƙofa yana mantawa da su bai gyara komai ba. Guda biyu da ke fita kullum sun wadatar, kuma tsohuwar jakar da ke gida ta fi sabuwar da za a sayo.

Illar leda ta wani gefen take: toshe magudanan ruwa, shiga cikin dabbobi, da daɗewa ba ta ruɓe ba. Bangaladash ta hana siririyar leda a 2002 bayan an gano rawar da ta taka wajen toshe magudanai a lokutan ambaliya. Ruwanda ta bi sahu a 2008, Kenya a 2017.

Me zai hana in ƙona sharar kawai in huta?

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowacce cutarwa, kuma mutanen gidan ne ke fara shaƙa. Wutar da ake hurawa a fili ba ta da zafin da zai ƙone roba ƙurmus. Tana fitar da hayaƙi mai ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu, da sinadarai masu guba da ake kira dayoksin da furan, musamman idan akwai robar bututu ko ta wayar lantarki a ciki. Dayoksin ba ya tafiya da hayaƙin. Yana sauka a ƙasa, kaji da dabbobi su tsince shi, ya taru a kitse da ƙwai da madara, ya dawo cikin jikin mutum. Yana cikin sinadaran da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta Istokholm ta 2001 ta sa wa ido saboda daɗewarsu da haɗarinsu. Yara, masu ciki da masu asma su ne suka fi jin jiki.

Inda babu motar kwasar shara, ware ta shi ne mafita. Idan abinci ya tafi taki, ƙarfe da kwalba da gora suka tafi wurin masu saye, abin da zai rage ɗan kaɗan ne, kuma busasshe ne da ba ya wari.

Tsofaffin wayoyi da batura fa?

A 2022 duniya ta zubar da kayan lantarki tan miliyan 62, kuma kashi 22 cikin 100 ne kawai aka tabbatar an tattara an sarrafa yadda ya dace. A cikinsu akwai zinariya da jan ƙarfe, akwai kuma dalma da zaiba. Batirin waya idan aka matse shi ko aka huda shi yana kamawa da wuta, shi ya sa ba a jefa shi cikin shara. Batirin mota da na sola mai dalma a mayar wa masu sayarwa ko masu karɓa, kada a fasa shi a gida. Dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma illar ba ta gyaruwa.

Mafi yawan gurɓatar da waya ke jawowa a rayuwarta tana faruwa ne a lokacin ƙera ta, ba lokacin caji ba. Saboda haka ƙara mata shekara ɗaya ko biyu, ta hanyar sauya batir ko gilashi, ya fi duk wata dabarar tsimin caji. Gyara ya fara dawowa da martabarsa har a ƙasashen da suka yi watsi da shi: a 2009 wata 'yar ƙasar Holan mai suna Martine Postma ta buɗe zauren gyara na sa-kai na farko a Amsterdam, a 2021 kuma Faransa ta wajabta wa masu ƙera wayoyi da injinan wanki da wasu na'urori su rubuta makin sauƙin gyara a jikin kayansu.

Tufafi ma shara ne?

Sosai. Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta Birtaniya ta fitar a 2017 ya ce ƙasa da kashi 1 cikin 100 na zaren tufafi ne ke komawa ya zama sabon tufafi. Araha ba ta ado: rigar da za ta saki bayan wanki biyar ta fi mai ƙwari tsada idan aka yi lissafin shekara. A sayi kaɗan masu kyau, a ɗinke wanda ya yage, a bayar da wanda ya matse tun yana da sauran amfani, wanda ya mutu kuma ya zama tsumman goge-goge.

Ruwa da wutar lantarki ba sa shiga kwandon shara. Suna cikin lissafin?

Suna ciki, sai dai ɓarnarsu ba ta da tuli da za a gani. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, alhali sau da yawa 'yar robar ciki ce kawai ta cinye. Tsohon ƙwan lantarki mai zare yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi, ba haske ba. Ƙwan LED na cin ƙasa da rubu'in wannan wutar kuma yana daɗewa ninki da yawa. A injin wanki, kusan duk wutar na tafiya ne wajen ɗumama ruwa, don haka wanki da ruwan sanyi da shanya a igiya sun rage mafi yawanta. A kicin kuma: a rufe tukunya, a jiƙa wake da hatsi kafin a ɗora, a rage wuta da zarar an tafasa, kada a tafasa ruwan da ya fi buƙata.

Wannan rayuwar ba ta masu kuɗi ba ce?

Wadda ake tallatawa a intanet, mai kwalaben gilashi iri ɗaya jere a kanta, ita ce ta masu kuɗi, kuma ba ita ake nufi ba. Wanda ya zubar da robobinsa masu kyau don ya sayo na gilashi ya ƙara shara ne. Kusan duk abin da aka ambata a sama rage kashe kuɗi yake yi. 'Yan kaɗan ne ke buƙatar a fara biya, kamar ƙwan LED ko batir mai caji, su ma a bari sai tsohon ya mutu a maye gurbinsa.

Gida ɗaya me zai canza, alhali kamfanoni ne ke ƙera sharar?

Akwai gaskiya a tambayar, kuma ba na son a ɗora wa mai girki laifin abin da masana'anta ta tsara. Mutum ba zai iya ƙin fakitin da ba a ba shi wani zaɓi a kansa ba. Manyan sauye-sauye daga doka suke zuwa. Jamus ta sa kuɗin ajiya a kan gorar sha da gwangwani a 2003, wanda ake mayar wa mutum idan ya dawo da su, kuma yanzu fiye da kashi 95 cikin 100 na dawowa. Koriya ta Kudu ta hana binne ragowar abinci a 2005, a 2013 kuma ta sa kowane gida ya riƙa biya gwargwadon abin da ya zubar, har ta kai kusan dukkansa ana mayar da shi taki, abincin dabbobi ko gas.

Amma a duba waɗannan misalan da kyau: dukkansu sun yi aiki ne saboda gidaje sun ware sharar da hannunsu. Garin Kamikatsu na Japan, da ya ɗauki alkawarin kawar da shara a 2003, mazaunansa ne ke rarraba ta gida sama da 40, suna sake sarrafa kusan kashi 80 cikin 100. Sannan kashi 60 ɗin nan na abincin da ake zubarwa ba ya jiran wata doka. Yana hannun masu gida tun yau.

Ragowar man girki, magani da fenti, ina za a kai su?

Kada ɗayansu ya bi magudanar ruwa. Mai yana daskarewa a bututu ya toshe shi, don haka a bar shi ya huce, a tace a sake amfani da shi idan bai ƙone ba, in ya ƙone a zuba a gora a rufe, ko a ba masu yin sabulu. Maganin da ya rage a mayar kantin magani idan suna karɓa. In ba sa karɓa, a cire shi daga fakitinsa, a cakuɗa da ƙasa ko tsohon ganyen shayi, a ɗaure sosai yadda yaro ko dabba ba za su kai gare shi ba. Fenti mai ruwa a bar murfin a buɗe ya bushe kafin a zubar. Fenti mai mai kuwa, da maganin ƙwari da man inji, a bar su a mazubinsu na asali da rubutunsu, nesa da wuta da yara, har a samu wurin da ke karɓar irinsu. Mazubin maganin ƙwari ba a sake zuba ruwan sha ko abinci a cikinsa, komai wankin da aka yi masa.